Dogaye Tara a Gonar Baba

Tun kafin Yaya ya kashe babur Malama ta hango jajayen ƙyallaye a tsakiyar gonar. Ta ƙirga su tana zaune a bayansa, ta sake ƙirgawa bayan ta sauka. Tara ne. Kowanne an ɗaure shi a wuyan karan masara dogo, kore shar, wanda ya yi wa sauran masarar gonar zarra kamar babba a cikin 'yan makaranta. Waɗannan taran kuwa ya kamata a ce kwana goma ke nan da tuge su.

Malama ma'aikaciya ce a cibiyar binciken iri, kuma abin da ke cikin gonar nan aikinta ne na damina bakwai. Idan ana son masara 'yar aure, wadda manomi zai shuka ta fito tsayi ɗaya, ta nuna lokaci ɗaya, sai an fara samun uwa tsantsa da uba tsantsa. Tsantsa kuwa ba ta samuwa sai an hana masara auren waje. A rufe furen kanta da jakar takarda, a rufe goyonta tun bai fitar da gemu ba, sannan a ɗebi bununinta, wato garin nan rawaya da furen ke zubarwa, a zuba wa gemunta ita kanta. Haka Malama ta yi ta yi shekara da shekaru. Kowace damina masarar tana ƙara gajarta da ramewa, amma tana ƙara kama da juna, har ta kai in ka dubi ɗaya ka dubi ɗari, kamar an tsaga kara. Wannan ita ce uwar da za a aurar baɗi.

Bana injin ɗakin sanyi na cibiyar ya lalace wata biyu, iri ya fara mutuwa a cikin ambulan. Shugabanta ya ce a shuka duk abin da ya rage, kada a bar ko ƙwaya. Aka nemi gonar da ba masarar kowa kusa da ita, sai ta tuna da ta mahaifinta, can bayan rafi, inda maƙwabta ba sa noma komai sai wake da auduga. Irin duka bai cika gwangwanin madara biyu ba. Ɗari huɗu da 'yan kai suka tsiro. Ban da su, babu wannan masarar a ko'ina a duniya.

Ta lura da dogayen tun suna fara wuce 'yan'uwansu. Ta san ma'anarsu: bara wata jaka ta yage, bununin waje ya shiga. Ta bar su 'yan kwanaki don ta tabbata, kasancewar kowane kara yana da daraja a wurinta. Sai zazzaɓi ya kwantar da 'yarta a asibiti kwana goma sha biyu. A barandar asibitin, tana riƙe da kwalbar magani a hannu ɗaya, ta kira mahaifinta a waya ta ce don Allah dogayen nan da suka fi sauran, a zaɓe su kafin su yi fure. Ya ce, an gama, Uwata. Sunan mahaifiyarsa ta ci, shi ya sa bai taɓa kiranta da wani suna ba.

A cibiya idan aka ce a zaɓe layi, kowa ya san ana nufin a bi kunya-kunya a tuge duk baren da ya bambanta da sauran. Ta daɗe tana faɗin kalmar har ta manta cewa a gidansu wata fuskar gare ta.

Baba ya fito daga 'yar rumfarsa da fartanya a kafaɗa, fuskarsa cike da fara'a. Ta durƙusa ta gaishe shi. Ya tambayi jikin amaryarsa, jikar tasa ke nan, ya ce a gaya mata in ta ƙara kwanciya irin wannan zai sake ta ya nemi wata. Malama ta yi murmushin da bai wuce leɓe ba. Idonta na kan agogon hannunta. Takwas saura ashirin.

Bai bari ta yi magana ba, ya shiga gaba ya ce ta zo ta ga aikin da ya yi mata. Ya zaɓe su kamar yadda ta ce, ya yi musu shaida da ja don kada wani ya taɓa. Ya kwaso takin awakinsa ya zuba wa kowanne a gindi. Ya ce shekara arba'in yana noma, bai taɓa jin kunyar gona ba sai bana. Masu wucewa zuwa rafi har tsayawa suke su tambaye shi, wannan masara ce ko albasa? Wani ma ya ce ko dai ƙarfin tsoho ne ya ƙare. To ga shi Allah ya fitar da shi kunya, a cikin wannan taron marasa lafiya an samu tara da suka san su masara ne.

Yaya ya yi dariya ya ce gaskiya sauran in akuya ta shigo ma sai ta tausaya musu ta fita.

Malama ta ɗaga kai ta dubi na farko. Furen kansa ya buɗe reshe-reshe, 'yan ƙananan abubuwa rawaya sun rataya a jiki, jiƙe da raɓa. Raɓar nan ce kaɗai ta riƙe su. Da rana ta ɗaga ta shanye ta, wajen ƙarfe tara, za su fashe, iska ta ɗauki garin ta raba wa gona. Ta sunkuyar da kai ta dubi gajerun da ke kewaye. Da yawansu sun fitar da gemu, fari sol, mai danshi, a buɗe.

Tun da ta yi wayo ba ta taɓa ce wa mutumin nan ya yi kuskure ba, balle a kan gona.

"Baba," ta ce, "laifina ne. Ban yi magana yadda ya kamata ba. Da na ce a zaɓe su, tugewa nake nufi."

Ya juyo a hankali. Ya ce ta sake faɗa, kunnensa na hagu ba ya ji sosai. Ta san ya ji. Ta sake faɗa duk da haka.

"A tuge waɗannan," in ji shi, yana nuna dogon da fartanya, "a bar waɗancan."

Ta ce e.

Ya dubi Yaya kamar mai neman shaida. Yaya ya sunkuya yana gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba. Baba ya ce shi dai abin da ya gada, kuma ya gani da idonsa, shi ne a ware mafi kyau a yi iri da shi. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Idan karatun da aka yi ta kai ta shi ne a sare lafiyayye a yi jinyar gurgu, to lallai an sha wahalar banza. Bai ɗaga murya ba. Hakan ya fi yi mata ciwo.

Ta fara bayani da sauri, kalmomi suna tuntuɓe da juna. Ta ce dogayen bare ne, ubansu daga waje yake, girman da ya gani ba nasu ba ne na gado, na haɗuwar jini biyu ne, kuma ba ya ɗorewa. Ya ce bare a gonar wa? Shi ya shuka su da hannunsa, daga gwangwanin da ta kawo. Ta ce wake ɗaya ke ɓata gari. Ya ce wannan ba wake ba ne, kuma in ana maganar ɓata gari, to ɗari huɗun nan ne suka ɓata sunansa.

Takwas da minti biyar. Raɓar da ke kan ganyen gefen gabas ta fara bushewa. Wata 'yar iska ta taso daga rafi, ta kaɗa ƙyallayen, ta kwanta.

Malama ta tambayi Baba ko ya tuna shekarar da ya sayi 'yar aure a kanti, ta yi masa kyau ƙwarai, ya ware manyan ya ajiye, ya sake shukawa da damina ta zagayo. Yaya ya ɗago ya ce shi kam ya tuna, don shi ya sha girbin. Wata ta kai rufin ɗaki, wata ba ta wuce ƙugu ba, wata ta bushe wata tana ɗanya, sau uku suka shiga gonar da lauje. Baba ya yi wata guda yana tsine wa mai kantin.

"Mai kantin bai cuce ka ba, Baba," ta ce. "Haka 'ya'yan 'yar aure suke. Ita barewar tana gudu, amma 'ya'yanta wani ya yi gudu, wani rarrafe, wani ya kwanta. Waɗannan taran 'yan aure ne da ba a gayyata ba. Idan garinsu ya sauka a kan gemun gajerun nan, abin da ya same ka a gona ɗaya zai sami duk wanda ya sayi irina."

Baba ya kai hannu ya shafa ganyen dogon, ya murza shi tsakanin yatsu, ya daɗe yana kallon takin da ya zuba a gindinsa. Can ya ja da baya taku biyu ya ce gonar tasa ce amma masarar tata ce, ta yi abin da ta ga dama. Ya juya zuwa rumfa.

Ba ta da lokacin bin sa. Yaya ya ɗaga adda zai sara, ta riƙe masa hannu. In aka sare kara ya faɗi, girgizar kaɗai ta isa ta watsa garin. Ta aike shi rumfa ya kwaso buhunan taki da babu komai a ciki. Shi ne dogo, don haka shi zai kamo karan daga tsakiya ya lanƙwaso shi sannu a hankali, ita kuma ta zura buhu a kan furen, ta ɗaure bakin da igiya, sannan a yanke daga ƙasan ɗaurin. Ta ce ya riƙe shi kamar yana ɗauke da kwano cike da mai. Ya ce shi ko jaririnsa bai taɓa ɗauka da irin wannan ladabin ba. Daga nan bai ƙara wasa ba.

Na farko ya tafi lafiya. Na biyu ma. A na huɗu karan ya yi ƙara kamar zai karye, suka tsaya cak su biyu suna riƙe da numfashi har ya daina rawa. Gumi ya riƙa shiga mata ido, ba ta da hannun sharewa. Rana tana hawa. Kowane buhu Yaya ya kai shi can gefen rafi, inda iska ke fita daga gonar, ya dawo da sassarfa.

Na tara yana can ƙarshen gabas, inda rana ta fara bugawa. Da suka iso tara saura minti goma, furensa ya bushe ƙamas. Yaya ya lanƙwaso shi, ta ɗaga buhu, gajiyar rashin barci na kwana da kwanaki ta sa ta yi kuskure. Bakin buhun ya taɓa reshe ɗaya. Wani ɗan hayaƙi rawaya ya tashi, ya sauka a kan hannun rigarta da bayan hannunta. Ta rufe buhun, ta ɗaure, ta tsaya ba motsi. Ta ce wa Yaya kada ya matso. Ta bi ta bakin gona, ba ta cikin kunya ba, ta je rafi ta cire rigar aikin ta dulmiya a ruwa, ta wanke hannu har gwiwa sau uku.

Da ta dawo ta tarar da Baba tsaye a bakin rumfa, riƙe da wani tsohon farantin ƙarfe. Fuskarsa ta canza. Ta ɗauka fushi ne, sai da ta matso ta ga ba shi ba ne.

Ya ce akwai abin da bai faɗa mata ba. Dogayen sun fara zubar da gari tun shekaranjiya. Shi kuwa ya sha ganin yadda take yi a cibiya, lokacin da yake kai mata ziyara: ta kaɗa fure a jaka ta zuba wa gemu. Sai ya ce a ransa, tun da 'yarsa tana kwance a asibiti da yarinya, bari ya taimaka wa marasa lafiyar nan da jinin masu ƙarfi. Safiya biyu yana tara garin a farantin nan, yana bin kunya yana barbaɗa wa duk wadda ta fitar da gemu.

"Duk wadda ta fitar?" ta ce.

"Ban tsallake ko ɗaya ba, Uwata. Kin san aikina."

Ta zauna a kan kunya, a ƙasa, hannu a kan gwiwa. Ba ta yi kuka ba. Ta dai ji gonar ta yi nisa, muryoyi suna zuwa kamar daga cikin rijiya. Damina bakwai ta tsaya a rana tana ɗaura jaka, har da cikin yarinyar nan wata takwas.

Yaya ya tsuguna kusa da ita ya rage murya. Ya ce dogayen dai an kawar da su, buhunan suna rafi, zai ƙone su yanzu. Wa ya gani? Su uku ne, kuma duk jini ɗaya. Ta girbe abinta ta kai cibiya, ƙwaya ai ƙwaya ce, ba a rubuta sunan uba a jikinta ba. Ta ce gaskiya ne, bana ba wanda zai gane. Baɗi masarar da kanta za ta tashi tsaye ta faɗa, a gaban kowa, kuma a lokacin ba sauran tsantsa ko ɗaya da za a koma wa.

Faɗin hakan ne ya dawo da ita hayyacinta. Ta miƙe ta dubi gonar da wani idon. Ba duka suka fitar da gemu ba. Gajerun ba sa gaggawa, akwai waɗanda goyonsu har yanzu a rufe yake ruf, kamar yatsa a cikin ganye. Bununi kuwa ba ya kwana, na jiya da shekaranjiya da ya sauka a ganye ya riga ya mutu. Wanda ya sami gemu ne kawai ya shige.

Ta ce duk goyon da ya fitar da gemu, ko zare ɗaya ne, a karye shi. Karan a bar shi tsaye, don furen kansa tsantsa ne, za a buƙaci garinsa. Duk goyon da bai buɗe ba, a rufe shi da jaka yanzu, kafin ya leƙo. Ta zazzage jakarta, ƙananan jakunkunan takarda suka zubo. Yaya ya tambayi guda nawa za su rage. Ta ce ba ta sani ba. In sun kai talatin, irin zai rayu. In ba su kai ba... sai ta bar maganar a nan.

Suka fara daga kunyar yamma. Ƙarar karyewar goyo ɗanye ba ta da daɗin ji, ƙas, ƙas, kamar ana karya yatsu. A kunyar farko ba su sami ko ɗaya a rufe ba. A ta biyu, biyu. A ta uku, babu. Tana tafe tana ƙirgawa a zuci, tarin da Yaya ke zubarwa a bakin gona yana girma, jakunkunan hannunta ba sa raguwa. A kunya ta shida tana da tara kacal, an kusa rabin gona.

A nan Baba ya ajiye farantin ya shigo. Ya wanke hannu da ruwan buta, ya wuce gabanta. Ya ce ta bar nan, ta zo gefen arewa, inda ƙasa ta fi tsakuwa kuma ruwa ba ya zama. Masarar wurin kullum tana makara da kwana uku ko huɗu, ko wace iri ce. Ta bi shi. A kunya ɗaya suka sami goma sha ɗaya a rufe. Yana gaba yana ɗaga ganye da yatsa yana cewa ga wata, ga wata, tana baya tana zura jaka tana ja har ta kama. Ashirin da biyar. Talatin. Ba ta yarda ta yi murna ba, ta ci gaba.

Wajen sha ɗaya da rabi suka iso kunyar ƙarshe. Tana da arba'in da bakwai. Kara na ƙarshe yana da goyo mai kyau, mafi kauri a duk waɗanda ta gani ranar, bakinsa a tsuke. Ta buɗe jaka za ta zura, Baba ya tare hannunta. Ya durƙusa da ƙyar, gwiwarsa tana ƙara, ya kawo idonsa daf da bakin goyon, ya juya shi wajen rana. Ita ba ta ga komai ba, idonta ya gaji har yana ganin abu biyu-biyu.

"Wannan ta leƙo," ya ce. "Zare biyu. Jiya na gan ta, ina jin na ba ta."

"Kana ji, ko ka tabbata?"

"Ban tabbata ba."

Suka dubi juna. Ya kama goyon ya karye shi da kansa, ya miƙa wa Yaya.

Ta koma inuwar rumfa ta kira shugabanta. Ta gaya masa komai yadda ya faru, ta ce kalmar da ta yi amfani da ita ce ta jawo, ba wani ba. Ya ce ke nan an fasa auren baɗi, sai an ƙara shekara ana tara iri. Ta ce haka ne. Ya tambayi guda nawa suka tsira, ta ce arba'in da bakwai. Ya tambaya ko za ta iya sa hannu a kan cewa tsantsa ne, duka arba'in da bakwai ɗin.

Ta ce za ta sa.

Ya ce to ta kwana kusa da gonar har a gama haɗa su da hannu, zai aiko da ƙarin jakunkuna gobe da safe. Da ta ajiye wayar, Baba yana zaune a ɗaya gefen rumfar, ya ba ta baya, yana kankare laka daga fartanya da tsinke. Ba tare da ya juyo ba ya tambaye ta ƙarfe nawa ake farawa goben. Ta ce takwas da rabi, in raɓa ta ɗauke. Ya ce zai zo da bakwai, amma ba zai taɓa komai ba sai ta iso, kuma duk abin da za ta ce masa ta faɗe shi sau biyu, da kalma biyu daban.